Tuwon Salla: Yadda Ake Shirya Shi, Da Masu Haƙƙi A Cikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ciyar da mu ya shayar da mu, ya kuma kawo mu wannan dare na 18 ga watan Ramadan da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. 

Bayan darasinmu na jiya wata baiwar Allah ta aiko da tambaya, kuma tambayar tata ce za ta ci mana wannan zama. Ta ce bara maigidanta bai ce da ita komai ba game da abincin salla har daren jajibere, sannan ya shigo bayan lisha da zabi 6 da rabin buhun shinkafa da jarkar mai, duka bashi, ya ce gobe abokansa za su zo, kada ta ba shi kunya. Ta kwana tana fiɗa da tsinka da suya, barci ya ɗauke ta gab da asuba, ba ta farka ba sai da rana ta fito. Kafin magariba rabin shinkafar ya lalace saboda zafi, aka zubar. Mai kanti kuwa bai daina sallama a ƙofar gidan ba har watan layya ya kama. Sai ta ce: Malam, shin wannan abinci wajibi ne a addini? Na san wani zai ce yau Malam ya bar tafsiri ya shiga madafa. To, madafar da mace ta rasa sallar asuba a cikinta, aka ci bashi dominta, aka kuma zubar da abinci daga cikinta, ta cancanci a yi darasi a kanta.

Mu fara da hukunci. Ranar ƙaramar salla rana ce ta ci da sha da farin ciki, kuma azumtarta haramun ne ba tare da saɓani ba. Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya fita idin azumi sai ya ci ƴan dabino, kuma yakan ci su mara, wato 3 ko 5 ko makamancin haka. Yalwata wa iyali a wannan rana abu ne mai kyau, mai shi yana da lada idan ya kyautata niyya. Amma babu wani nau'in abinci da shari'a ta ɗora wa kowa, kuma babu yanka a ƙaramar salla. Yanka na ranar layya ne. Zabi da kaji da muka saba saye a wannan ƙasa tamu al'ada ce mai daɗi, wanda ya samu ya yi, wanda bai samu ba sallarsa cikakkiya ce, tuwon hatsinsa da miyar kuka bai rage masa komai ba wurin Allah.

Abincin da aka wajabta a wannan lokaci shi ne wanda zai fita daga gidanka zuwa gidan wani, wato zakkar fidda kai. Sa'i ɗaya ne ga kowane mutum da ciyarwarsa ke kanka, babba da yaro, namiji da mace, har jaririn da aka haifa kafin lokacin wajabcinta. Sa'i kuwa mudun Annabi 4 ne, mudun kuma cikin tafuka biyu ne na mutum matsakaici. Ana fitarwa daga abin da mutanen gari suka fi ci, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta lissafa gero da dawa da shinkafa cikin abubuwan da ake fitarwa. Mai gida mai mutum 10 zai auna mudu 40. A mazhabar Imam Malik an fi so a bayar bayan fitowar alfijir kafin a tafi idi, kuma ya halatta a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. Ni dai ina ba da shawarar a yi amfani da wannan sauƙi, domin matar da ka kai wa hatsi da hantsin ranar salla, yaushe za ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa, ta tuƙa? Ibnu Abbas ya bayyana cewa an farlanta wannan zakka ne don ta tsarkake mai azumi kuma ta zama abinci ga miskinai. Saboda haka awon farko da za a yi a gida domin salla shi ne wannan. Wanda ya sayi zabi bai auna zakka ba ya fara gini daga rufi.

Idan an gama wannan, sai maigida da uwargida su zauna su yi lissafi, kuma zaman ya kasance cikin waɗannan kwanaki biyu kafin goman ƙarshe ta shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu mukan fara lissafi da tambayar me za a dafa. Ku fara da tambayar wa zai ci. A ƙirga mutanen gida. A ƙirga kwanukan da za su fita: na iyaye, na surukai, na maƙwabtan dama da hagu da na gaba da na baya, na malamin yara, na almajiran da ke yi wa gidan aike duk shekara. Sannan a tsaya a yi tunanin waɗanda ba za su aiko da kwano ba, domin su ne ake mantawa. A kowace unguwa akwai matar da mijinta ya rasu tana riƙe da marayu. Akwai wadda mijinta ya tafi bida Abijan ko Libiya ko Aljeriya, saƙo bai iso ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Mutanen Adar sun san wannan fiye da kowa. A yankin Maraɗi akwai ƴan uwanmu da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, suna zaune cikinmu ba gona ba rumbu. Abu Huraira ya ruwaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ko da yake maganar a kan walima take, wanda ya duba yadda kwanukan salla ke yawo tsakanin gidajen masu hali kaɗai, daga wannan babban gida zuwa wancan, zai ji tsoron kada mu shiga cikinta.

Da zarar an san yawan bakuna, awo ya zo da sauƙi. Mata sun fi mu sanin wannan, amma a bisa kiyasi kilo ɗaya na shinkafa yakan ƙosar da manya 5 zuwa 6 idan da miya wadatacciya. Gidan da zai ciyar da mutum 30, har da kwanukan waje, kilo 6 ya ishe shi, rabin buhu kuma na me? Kada ku manta kuma cewa kamar yadda kuke aikawa haka za a aiko muku, kuma cikin da ya yi wata guda yana azumi ba ya ɗaukar abin da ido ke raya masa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Allah Maɗaukakin Sarki kuma, a aya ta 31 ta Suratul A'araf, ya haɗa izinin ci da sha da hanin almubazzaranci a wuri guda, ya kuma sanar da mu cewa ba ya son masu ƙetare iyaka.

Sai batun kuɗi, kuma a nan zan yi magana da maza kai tsaye. Abin da ke hannunka shi ne ma'auninka. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Bashi don kauce wa yunwa abu ne da ake yi wa uzuri, amma bashi don kada abokai su ce gidan wane ba a soya zabo ba, wannan sayen kunyar kwana ɗaya ne da kunyar wata uku. Magabata sun ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Manzon Allah ya kasance yana neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, kuma ya bayyana dalili, cewa mai bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ku dubi wanda ya ci bashin salla yadda yake sauya hanya idan ya hango mai kanti. Ku kuma mata, ku ji tsoron Allah game da mazajenku. Kalmar “gidan wance an sayi kaza” ta jefa maza da yawa cikin abin da ba su so. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya yi adalci a cefane gwargwadon yawan bakunan kowane ɗaki, kada ranar farin ciki ta zama ranar da wani yaro zai leƙa tukunyar ɗakin kishiyar uwarsa yana haɗiyar miyau.

Sayayya iri biyu ce. Akwai abin da ba ya lalacewa: shinkafa, man gyaɗa, sukari, gishiri, garin alkama, busasshen tattasai irin wanda ake kawowa daga Difa, citta, kanumfari, masoro, daddawa, gawayi ko itace. Albasa ma, musamman irin ta Galmi, tana jure ajiya idan an baza ta a inuwa inda iska ke shiga. Waɗannan a saye su yanzu, tun kasuwa ba ta cika ba, domin duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi ko Katako ta Yamai ranar jajibere ya san yadda farashi ke tashi da yadda ake turereniya da bakin azumi. Ƴan kasuwa kuma su sani cewa ɓoye kaya don su yi tsada zunubi ne, a watan azumi kuma ya fi muni. Akwai kuma abin da ba ya jira: ɗanyen tumatir, ganye, nama. Waɗannan sai ƙarshe. Tsuntsaye kuwa gara a saye su da rai tun da sauran kwanaki, a ba su hatsi da ruwa a inuwa. Kada a bar su ɗaure da ƙafafu a rana, domin su ma suna da haƙƙi.

Dalilin barinsu da rai shi ne watanmu yana iya yin 29, yana iya cika 30, kuma babu mai sani sai daren. Sau nawa aka yanka kaji, aka niƙa ƙullun waina ranar 29 bisa jita-jita, sannan wata bai tsaya ba? Ƙullu ya yi tsami, nama ya kwana biyu a cikin zafi, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce ko ga mai firij. Saboda haka a shirya komai ya tsaya a bakin ƙofa: an tsince shinkafa, an daka kayan yaji, an wanke tukwane, an tanadi ruwa, an wasa wuƙa. Idan hukuma ta ba da sanarwar ganin wata a rediyo, sai a yanka, a jiƙa, a kai niƙa. Idan ba a gani ba, ba a yi asarar komai ba.

Kayan ƙwalama da ke jure ajiya, irin su cincin da dubulan da alkaki da nakiya, su ne ke cinye wa mata dararen goman ƙarshe. Wannan yana damuna ƙwarai. Dare guda a cikin waɗannan darare ya fi wata dubu, Manzon Allah yakan ɗaure ɗamara a cikinsu ya tashi iyalinsa, mu kuma iyalinmu suna tsugune gaban kasko har sahur. A yi waɗannan abubuwa gobe da jibi, ko a rage yawansu, ko a haɗu gida biyu ko uku a yi su a zama ɗaya. Wadda za ta yi girki da rana tana azumi ta sani cewa ɗanɗanar gishiri makaruhi ne a mazhabarmu, idan ta ɗanɗana ta tofar, idan kuwa wani abu ya wuce maƙogwaro sai ta rama. Ta ba yaron da bai fara azumi ba ya ɗanɗana mata.

Yanka aikin maigida ne ko wanda ya iya. A wasa wuƙa nesa da idon abin yanka, a fuskantar da shi alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu daga gaba, ba tare da ɗage hannu ba sai an gama. A bar shi har ransa ya fita sarai, a wanke jinin mayanka, sannan a tsoma a ruwan zafi don fiɗa. Naman zabo ya fi na kaza tauri, shi ya sa ba a jefa shi a mai kai tsaye. A sulala shi tukuna da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri har ya yi laushi, a tsame ya tsane, sannan a soya. Naman da aka yi wa haka tun dare yana kai gobe lafiya. Romon kuwa kada a zubar, shi ne ran miya. A soya albasa a cikin mai, a zuba niƙaƙƙen tumatir da tattasai, a bar su a wuta marar ƙarfi har ruwansu ya ƙone mai ya taso sama, sannan a zuba romo. Miyar da ba a bari ta soyu ba ita ce ke saurin tsami. Abu Zarri ya ce Manzon Allah ya yi masa wasiyya cewa idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kuma tuna da maƙwabtansa. Ku lura, ba a ce ya ƙara nama ba. Zabo 2 da miya mai kyau suna iya shiga gida 7.

Shinkafa da tuwo da waina kuwa na safiyar salla ne, kada a dafa su tun dare, domin dafaffiyar shinkafa ba ta jure zafi, musamman idan azumi ya faɗo a bazara. Wanda ya ci wadda ta yini a rufe ta fara yauƙi yana iya kwana a asibiti, kuma yara da tsofaffi su ne suka fi saurin galabaita. Gara a dafa sau biyu, da safe da kuma bayan la'asar, da a dafa tuli guda. Ruwan zoɓo da kunun zaƙi da lemun citta a haɗa su da ruwa mai tsabta, ƙanƙarar da za a saka ma a san inda ta fito. A tuna da tsoho marar haƙori a yi masa tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko taushe. A tuna da mai hawan jini da mai ciwon sukari a ɗebe musu nasu kafin a cika gishiri da dunƙule da zaƙi. A kuma nisantar da ƙananan yara daga kaskon mai da tukunyar gas, domin ranar salla hankalin uwa a rabe yake, sabbin tufafi kuma ba su da wuyar kama wuta.

Wa zai yi duk wannan aiki? Idan amsar ita ce mace guda, to an yi zalunci. An tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ban ce lallai maigida ya ɗauki muciya ba, ko da yake ba haramun ba ne. Amma ɗebo ruwa, faskare, kai niƙa, fiɗar tsuntsaye, riƙe yara, duka samari da maza suna iyawa, kuma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A tsara aikin dare ya ƙare da wuri, uwargida ta yi kabbara tare da sauran musulmi, ta kwanta, ta sami asubarta a kan lokaci. Sallar asuba farilla ce, waina kuwa ko mustahabbi ba ta kai ba. Idan aka sauko daga idi aka zauna ci, a tabbata an ɗebe wa masu girkin rabonsu na nama tun farko, kada su tashi da wuya da ƙafafu bayan su ne suka sha hayaƙi.

Kwanuka su fita da wuri, kafin azahar, tun abinci yana da zafi kuma tun yaran maƙwabci ba su gaji da jin ƙamshi ba. A fara da mafi kusancin ƙofa, domin haka Manzon Allah ya amsa wa Nana A'isha da ta tambaye shi wanne daga maƙwabtanta biyu za ta ba kyauta. Maƙwabcin da ba musulmi ba shi ma yana da rabo. An ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amru, da ya dawo sai ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Kwanon gidan talaka ya zama irin na gidan mai kuɗi, da tsokarsa a sama, a rufe shi da kyau, a ba yaro mai hankali ya kai da sallama. Wadda aka kawo wa kuma kada ta buɗe ta taɓe baki, ko ta auna abin da ta aika da abin da aka maido, domin an hana maƙwabciya ta raina kyautar maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Idan akwai ɗan uwan da kuka yi shekara ba ku magana, kwanon salla ya fi kowane manzo iya buɗe wannan ƙofa. Ka aika, sannan da la'asar ka bi sawun kwanon da ƙafarka.

Wurin ci, a haɗu a ci tare, a yi bisimilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Idan gishiri ya yi yawa ko shinkafa ta caɓe, maigida ya riƙe harshensa, musamman gaban baƙi. Manzon Allah bai taɓa aibata abinci ba, idan yana so ya ci, idan ba ya so ya bari. Mun sha raba rigimar da ta fara daga kalma ɗaya a kan miya ranar salla ta ƙare da yaji ko saki. Abin da ya rage kuma a duba shi tun la'asar, kada a jira sai ya juya sannan a kira almajiri, domin abin da ba za ka ba ɗanka ba bai dace ka ba ɗan wani ba. A raba shi yana da kyau. Tuwo ya kwana a yi ɗumame, ragowar shinkafa a shanya, ƙasusuwa da ƙanzo a ba dabbobi.

Ke kuma baiwar Allah da kika aiko da tambaya, amsarki ita ce ba wajibi ba ne. Ki sami maigidanki cikin ladabi a daren nan ko gobe bayan buɗa baki, ku ƙirga mutanenku tare, ku auna zakkarku, ku sayi abin da kuke iyawa. Idan yana saurare, to ya ji da kunnensa.

Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya nuna mana daren Lailatul Ƙadari, ya yalwata wa magidanta, ya biya wa masu bashi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Gobe idan Allah ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi.